Kuɗin Duba Rufi Daban, Kuɗin Gyara Daban

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana da masu gidaje a Zariya da kewaye kan wani abu da ake rainawa, wato ladan wanda zai hau ya duba rufin gida.

Duk shekara, da zarar hadarin farko ya taso daga gabas a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, washegari sai ka ga fallayen kwano a kan hanya daga Tudun Wada zuwa Gyallesu, daga Samaru zuwa Hanwa, wasu ma da katakonsu a jiki. A ranar ne ake neman kafinta ido rufe. Mai gida ya ce, "Malam, nawa za ka karɓa ka hau ka duba mana?" Kafinta ya ce, "Haba Alhaji, dubawa ai ba komai, in an zo gyara ma daidaita." Kowa ya ji daɗi, alhali a nan aka fara asara.

Wanda ya hau rufi kyauta ya bar wani aikin ya zo, ya biya kuɗin mashin, ya sa ransa a kan tsani, kuma da iyali a gida. Dole kuɗin yininsa ya fito ta wata hanya, hanyar kuwa ita ce gyaran da zai ce a yi. Ba sai ya zama macuci ba. Mai buga kwano matsalar kwano idonsa ke gani, mai shimfiɗa kwalta kuma ta kwalta. Ya sauko ya ce a sayo bandir biyu, babu takarda, babu hoto, mai gida bai hau ba kuma ba zai hau ba. Da me zai gwada maganar? Shi ya sa muke cewa a biya kuɗin dubawa shi kaɗai, a faɗa wa mai dubawa tun kafin ya taka tsani cewa ba lalle shi zai yi gyaran ba.

To nawa ne? Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, farashin da aka rubuta yau kan mutu kafin wata uku. Ma'aunin da ba ya mutuwa shi ne ladan yini. Mai gida ya leƙa wurin da ake gini kusa da shi ya tambayi abin da ake biyan babban kafinta a yini da abin da ake biyan yaronsa. Da wannan zai yi lissafi. Gidan da ba bene ba, mai ɗakuna uku ko huɗu, rufinsa mai sauƙin gangare, aikin rabin yini ne zuwa yini guda ga mutum biyu, a ƙara kuɗin mota da hayar tsani in babu shi a gidan. Mutum biyu muka ce, don ba a hawa rufi ba tare da mai riƙe tsani ba, kuma gwajin ruwa yana buƙatar ɗaya a sama ɗaya a cikin silin. Gidan bene, ko irin rufin nan na yayi mai tsini kamar hular sarauta, yakan ci yini ɗaya da rabi ko biyu, ga igiya, ga dandamalin hawa da sai an yi hayarsa an kafa an kwance. Sau da yawa kuɗin dandamalin nan kan fi ladan mai dubawar.

Girman rufi ma ba girman gida ba ne, kuma a nan ake yawan musu. A auna tsawo da faɗin gida har da abin da kwano ya zarta bango. Misali mita 12 sau mita 15, murabba'in mita 180 ke nan a kwance. In gangaren rufin digiri 30 ne, a ninka da 1.15, a samu 207. In digiri 45 ne, a ninka da 1.41, a samu kusan 254. Gida ɗaya ne, amma na biyun ya fi na farkon da murabba'in mita kusan 50, kuma ba a iya tsayuwa a kansa sai da igiya a ƙugu. Bayan girma sai yawan kwari, wato inda ɓangarori biyu na rufi suka haɗu suka yi lungu ruwa na bi. Rufi mai kwari shida zai ci lokaci fiye da mai kwari ɗaya ko da girmansu ɗaya ne, domin a kwari da mahaɗar kwano da bango ake samun galibin yoyo, tsakiyar falle ba kasafai take huje wa kanta ba.

Akwai kuma gidajen da aka yi wa silin ɗin POP ko na PVC ba a bar ƙofar shiga ba. Wannan sakaci ne da ya zama ruwan dare. Sai an yanka ƙofa mai faɗin santimita 60 kowane gefe a baranda ko a sito, a yi mata murfi, ko kuma a ɗaga fallen kwano a shiga ta sama a mayar. Kuɗin wannan daban ne, amma sau ɗaya ake biyansa.

Ga abin da mai gida ke saya da kuɗinsa, don ya san ko an yi masa aiki ko an yi masa hawa da sauka.

Daga ƙasa ake farawa. A zagaya gidan daga nesa a kalli layin ƙololuwar rufi. In ya lanƙwasa a tsakiya kamar bayan jakin da ya sha kaya, katakon ciki ya gaza ko an yi masa tazara da yawa. A kalli allon gaban rufi, a kalli bango ko akwai baƙin zane ko koren gansakuka da ya sauko daga sama, a kalli gindin bango inda ruwan indararo ke dukan ƙasa. Sannan a shiga ɗaki ɗaki, a yi wa kowane tabo a silin alama, a tambayi matan gida, don su suka san inda ake ajiye bokiti da daddare da kuma irin ruwan da ke sa a ajiye shi. Wannan tambayar tana da amfani ƙwarai. Yoyon da ke zuwa da kowane ruwa, rami ne ko ƙusa. Wanda ba ya zuwa sai da iska, haɗin kwano ne da bai hau juna sosai ba. Wanda kuwa sai ruwa ya daɗe yana zuba yake fitowa, kwari ne ko magudanar da ke cika ta yi ambaliya ta baya.

Cikin silin shi ne rabin aikin, kuma shi ne wanda mai dubawar kyauta ke tsallakewa, don akwai zafi da ƙura da kashin jemage. Da safe ake shiga, kafin ƙarfe goma, bayan an kashe wutar gidan daga mita har da ta inbata, saboda ɓeraye na cin rigar waya. A kan katako kawai ake taka ƙafa. Da an shiga sai a kashe tocila a ɗan tsaya: duk inda rana ta shigo kamar tauraro, rami ne, a sa masa alli. Daga nan a kunna tocila a bi katako da sukurdireba ana dannawa. Lafiyayyen katako ba ya karɓar bakin ƙarfe. Wanda gara ta ci kuwa daga waje lafiya lau, kana dannawa ya fashe kamar busasshen kara, ƙasa ta zubo. A nemi hanyar gara, siririn layin jar ƙasa da ke hawa ta jikin bulo, musamman ta ramukan bulon da ba a cike ba a saman bango. In garin katako ne mai laushi a kan silin da ƙananan huji a jikin itacen, wannan ƙwaro ne mai huda, maganinsa daban.

Sai girman katako da tazararsa. A gidan zama na yau da kullum, katakon da ke kwance kan bango inci 3 da 4 ne, na ƙetare ɗaki inci 2 da 6, na gangare da tokara inci 2 da 4, waɗanda ake buga kwano a kansu kuma inci 2 da 3. Tazarar mita 1.2 tsakanin ƙafafun rufi, wato haɗaɗɗun katakon da ke ƙetare ɗaki suna ɗauke da rufin, ita ce aka saba, na buga kwano kuma santimita 60 zuwa 90 gwargwadon kaurin fallen. Kwano mai tsakuwa a jiki yana son tazara ƙarama, wajen santimita 37, kuma ya fi nauyi. Abin da ake tararwa sau da yawa shi ne katakon da sunansa 2 da 4 amma tef ya nuna bai kai ba, ko an haɗa gajeru biyu da ƙusa uku a tsakiyar ɗaki inda babu bango a ƙasa, ko an buga shi ɗanye ya bushe ya murɗe ya zare ƙusa. Baƙin man inji da ake shafawa yana sa katako ya yi baƙi mai gida ya ji sanyi a ransa, amma in ba a gauraya shi da maganin gara na gaske ba, kuma ba a jiƙa bakin da aka yanka da zarto ba, ado ne kawai.

Abu mafi muhimmanci a cikin silin, wanda ke raba gidan da iska ta yaye da na maƙwabcinsa da ta bari, shi ne ɗauri. Iska ba danna kwano take yi ba, tsotsarsa take yi sama, kuma ta fi ƙarfi a kusurwoyi da bakin rufi. Rufin da aka ɗora kan bulo aka riƙe da ƙusa zai tashi gaba ɗaya kamar faifai. Ya kamata a ga langa-langa ko siririn rodi ya fito daga cikin kankaren linta, ya naɗe katakon kan bango da ƙafar rufi, a kowace ƙafa ko aƙalla duk mita ɗaya da 'yan kai. Mai dubawa ya ƙirga su, ya ja su da hannu, ya rubuta nawa suka yi tsatsa, nawa aka soka cikin bulo ɗaya kawai na sama. Wanda aka soka a bulon sama, in iska ta zo, da bulon za ta tafi.

A sama kuma, kan layin ƙusa ake tafiya da takalmi mai taushi, ko a shimfiɗa falanki. Wanda ya taka tsakiyar falle ya lotsa shi, ya bar wa mai gida sabon yoyo a kan kuɗinsa. A duba ƙusa: a kan tudun kwano ake buga ta, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma robar da ke ƙarƙashin hularta rana na cinye ta ta farfashe. Dogon kwanon alminiyam yana da wata ɗabi'a. Falle mai mita 10, in zafinsa ya sauya da digiri 40 tsakanin asubar hunturu da azahar, yana miƙewa da kusan milimita 9. Kullum yana tafiya yana dawowa, ramin ƙusa na faɗaɗa, ƙusar na ɗagowa. Ƙarar nan da ake ji a rufi da rana tsaka ke nan. In fallen siriri ne abin ya fi sauri, don haka a nemi mai dubawa ya auna kauri da ma'auni, kada ya tsaya ga abin da aka rubuta a rasit. An sha sayar da abin da bai kai milimita 0.45 ba da sunan 0.55.

Haɗin falle da falle ta tsawo kada ya gaza santimita 15, in gangaren kaɗan ne a ƙara zuwa 20 ko fiye, ta gefe kuma tudu ɗaya da rabi. A ɗaga bakin haɗin a leƙa, don a nan tsatsa ke fara cin kwanon ƙarfe, inda ƙurar hunturu ta maƙale ta riƙe danshi. A bi kwari da magudana a kwashe ganyen darbejiya da na mangwaro da ledoji. Mutane ba sa ƙiyasta yawan ruwan da ke bi ta nan. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Gidan can mai murabba'in mita 180, in aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya cikin Agusta, ya karɓi lita 9,000, jarka 360 ke nan mai cin lita 25. Zariya kuwa na samun wajen milimita 1,000 a shekara. Yanzu a duba gidajen yayi da ake ɓoye kwano a bayan bango, duk ruwan nan a tura shi cikin magudanar kankare mai bututu biyu na inci 3. Leda ɗaya ta isa ta mayar da falo tafki. A irin wannan gida a nemi bututu na inci 4, da raga a bakinsa, da ƙofar ambaliya da ke zubarwa waje in bututun ya toshe.

Kada a manta da abin da aka ɗora daga baya: faifan sola, kwandon talabijin, tanki. Masu kafa su kan huda kwano su toshe da gam, gam kuwa damina biyu ce ko uku. Tanki mai lita 1,000 tan guda ne in ya cika, ba a ɗora shi kan katakon da aka yi don ɗaukar kwano.

Ƙarshen aikin sama shi ne gwajin ruwa. Tabon silin ba kasafai yake daidai da ramin ba, ruwa kan bi katako mita biyu ko uku kafin ya ɗiga. Sai a zuba ruwa da tiyo ko bokiti daga ƙasan gangare ana hawa sannu a hankali, na cikin silin yana kallo, ya yi magana da zarar ya ga ɗigo. In aka fara daga sama, ko'ina zai jiƙe, ba a gane komai ba. Kuɗin mai ruwa na kan mai gida, kura ɗaya ko biyu.

Rufin kankare, wato dekin, ba aikin kafinta ba ne. Abin dubawa a nan shi ne inda ruwa ke kwanciya, don ruwa mai zurfin santimita 5 kilo 50 ne a kan kowane murabba'in mita, da kumburin shimfiɗar kwalta, da ko ta hau jikin bango da santimita 15. In daga cikin ɗaki an ga filasta na faɗowa, rodi ya bayyana da tsatsa, ko tsaga ta ratsa ɗaki, a bar maganar fenti a kira injiniyan gini mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ko magini mai rajista da hukumar magina ta CORBON. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa kankaren da ke rufe da shi. Su ba da yini suke caji ba, da aiki ne, domin akwai ziyara da lissafi da rahoto mai hatimi, kuma kuɗinsu zai ninka na kafinta sau da dama. A garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli ba a rasa masu wannan ilimi. A nemi lambar rajista, ba laifi ba ne a tambaya. Irin wannan rahoto shi ya dace da mai sayen gida, da magada kafin a yi wa gida kuɗi, da makaranta ko masallaci inda jama'a ke taruwa a ƙarƙashi. Hoton jirgi maras matuƙi da wasu ke tallatawa yana da kyau ga dogon bene, sai dai ba ya ganin gara.

Soro kuma na maginan gargajiya ne, kuma har yanzu akwai su a cikin birni, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a da bakan gizo a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Azarar giginya gara ba ta cika damunta ba, ruɓewa take yi a kan da ya shiga bango in danshi ya daɗe. Don haka magini kan ƙwanƙwasa kawunan azara, ya duba gindin indararo da gindin zanko, ya ga ko yaɓe ya tsage ko ciyawa ta tsiro. Wani haɗarin shi ne yaɓe kan yaɓe shekara da shekaru ba a kankare tsohon ba, har nauyin ya fi ƙarfin azara. Waɗanda suka ɗora kwano a kan soro su ma kada su saki jiki, ƙafafun katakon kan huda ƙasar, yoyo ya riƙa taruwa inda ido ba ya kaiwa.

A tsofaffin gidajen ma'aikata akwai rufi da silin na asbesto. Ba a takawa, don yana karyewa ba gargaɗi, ba a kuma yanka shi ko goge shi a bushe, ƙurarsa na lalata huhu.

Duk wanda aka kira, a yi sharaɗin takarda kafin a ba da ko sisi. Ko da a fallen littafin makaranta ne, a zana gidan, a sa wa kowace matsala lamba, a ɗauki hotonta da waya. A raba abin da zai iya kashe mutum ko yaye rufi, da abin da zai ɓata silin bana, da abin da zai iya jira. A rubuta kaya da adadi: falle nawa, kauri nawa, tsawo nawa, katako nawa na wane girma, ƙusa kilo nawa, langa-langa nawa. Bandir na kwanon ƙarfe falle 20 ne, wanda ya ce bandir biyu ya nuna a zane inda falle 40 za su hau. Kuɗin aiki ya zauna a layinsa daban. Da wannan takarda mai gida zai shiga kasuwar Sabon Gari ya ji farashi da kunnensa, ya nuna wa kafinta biyu ko uku su faɗi nasu. In wanda ya duba ne ya ci aikin, ana iya cire kuɗin dubawar daga kuɗin gyara, amma a yi wannan maganar bayan takarda ta shigo hannu.

A gidan haya, katako da kwano na mai gida ne, shi zai biya dubawa. Share magudana da sanar da yoyo da wuri na ɗan haya ne. A sa wannan a takardar haya, ya fi a zo ana rantse-rantse gaban mai unguwa bayan katifa ta jiƙe.

Lokacin dubawa Fabrairu ne zuwa Maris: kwano a bushe, masu aiki ba su da cunkoso, akwai sauran makonni na sayen kaya da gyara kafin hadari. Rufin da ya haura shekara goma a duba shi duk shekara, sabo kuma bayan daminarsa ta farko, sa'annan duk bayan shekara biyu ko uku, da kuma bayan kowace iska da ta kayar da bishiya a unguwa. Wanda ke son ganin yoyo da idonsa ya ƙara leƙa silin sau ɗaya a cikin Agusta ana tsaka da ruwa, ya sa alli, ya bar hawa sama sai kwano ya bushe.

Wassalam.

Daga wasu kafintoci da magina,
Tudun Wada, Zariya